Gwaggo da Shekarun da Ba Mu Yi Wayo Ba

Mu na Allah ne, kuma gare Shi za mu koma. Gwaggo, yayar mahaifina, ta rasu a farkon daminar bara, da hantsi, a ɗakin da ta tsufa a cikinsa a ƙauyenmu da ke tsakanin Ɗambatta da Kunci. Ina cikin aji a Bacirawa, inda nake koyar da 'yan nazare, aka kira ni a waya. Kafin mota ta sauke ni a Ɗambatta in sami mai babur ya ƙarasa da ni, har an kai ta makwancinta. Ban ga fuskarta ba.

Na tarar da gida ba masaka tsinke. Gwaggo ba ta bar ɗa ko ɗaya a duniya ba. Ta haifi uku, duk ta binne su tun suna goyo ko suna tatata, mijinta ya bi su, ta dawo gidan mahaifinta ta zauna tun kafin a haife ni. Amma duk wanda ya ga zaman makokinta zai rantse uwar rabin gari ce ta tafi.

Wani Alhaji mai cinikin hatsi a Ɗambatta, ɗan ƙanen kakanmu, ya shigo cikin gida yi wa mata gaisuwa. Ƙaton mutum ne, gemunsa duk furfura. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin Gwaggo zai yi addu'a, sai kuka ya ƙwace masa.

"Ita ta yaye ni," ya ce yana share ido da hannun riga.

Wata tsohuwa ta ce, "Alhaji, kai har ka tuna?"

"Ina fa na tuna, Inna! Ita ce dai take gaya mini. Duk Sallah sai ta ce ga mai cizon kunnen akuya ya zo. To yanzu wa zai ƙara gaya mini?"

Mata suka yi dariya da hawaye a fuska. Daga nan kowa ya fara kawo nasa. Wannan ta ce an ce ita tsoron zakara take yi, waccan ta ce an ce ita sai an ɗora ta a kan turmi take shan kunu. Na lura duk da "an ce" suke farawa. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya tuna abin da kansa.

A tsakiyar wannan taron 'yata take yawo. Ba ta cika shekara uku ba a lokacin, kuma a hannun Gwaggo take zaune. Tana bin tsofaffin da suka lulluɓe, tana ɗaga musu mayafi ɗaya bayan ɗaya, ta leƙa fuska, ta saki, ta matsa gaba. Ba ta kuka, nema kawai take yi. Wannan ne ya karya ni, don na san abin da ita ba ta sani ba: za ta yi ta nema, sannan wata rana ta daina, sannan ta manta cewa ta taɓa neman wani. Shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Yaye shi ne aikin Gwaggo. A wajenmu idan yaro ya kusa shekara biyu, ana ɗauke shi daga uwarsa a kai shi wajen wata tsohuwa ya kwana biyu har ya haƙura da nono. A danginmu da maƙwabta ba a shawarar inda za a kai, wajen Gwaggo ne. Tana da dokoki, kuma ba ta sassauta su ko ga matar mai gari. Uwa ba ta shigowa sashenta. Ba a jin muryar uwa ko daga nesa. Zanen goyo da majanyin da aka kawo yaro da su, a ƙofa ake mayar da su, ta wanke masa kayansa da sabulunta.

"Ku da ido kuke tunawa," take cewa, "su da hanci."

Za ta aika wajen malam a karɓo rubutun dangana, wanda ake ba yaro don ya haƙura, ta zuba a kunun gyaɗa. Sauran aikin kuwa da bayanta da ƙafarta take yinsa. Ta goya yaro ta kai shi turken awaki, ta kai shi bakin rijiya, ta bi da shi ta hanyoyin gonaki tana nuna masa balbela, har ya gaji da kuka ya fara kallo. Bakinta ba shi da sanyi. Idan amarya mai ɗan fari ta aiko tana tambaya ko yaro ya ci abinci, sai ta ce wa ɗan aiken, "Ka ce mata yaro ya dangana tuni. Ita ce take buƙatar rubutun, in tana so akwai ragowa."

Abin da ya bambanta ta da sauran masu yaye shi ne ba ta mantawa. Yaron da ya kwana a ɗakinta shekara arba'in da suka wuce, ta san da wane hannu yake karɓar ludayi, ta san abin da ya fara kira da baki. Ranar Sallah takan shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta, duk wanda ya zo gaisuwa sai ya tafi da labarinsa, a gaban matarsa da 'ya'yansa. Baba ya sha ce mata, "Yaya, ki riƙa rufa wa mutane asiri, sun girma fa." Sai ta ce, "Abinsu nake ba su. Ajiya suka bar mini ba su sani ba."

Ni ma yaye aka kai ni, sai dai nawa bai ƙare ba. Mahaifiyata ta rasu ina hannun Gwaggo, na ci gaba da zama a ɗakinta har ranar da aka kai ni gidan miji. Ba mu da hoton mahaifiyata. Amma ina da abu guda da nake riƙe da shi tun ina ƙarama, wanda ko Baba ban taɓa gaya wa ba. Wata mace ta ɗaura koren zane tana yi mini wanka a jan baho a cikin rana, tana zuba mini ruwa a ka ina dariya. Ba na ganin fuskarta sosai, amma na tabbata uwata ce. Duk ranar da aka ɓata mini rai, nan nake komawa.

Ina 'yar shekara goma sha huɗu ko sha biyar, wata rana mata suna aiki a tsakar gida, hira ta kawo maganar marayu. Wata ta ce Allah sarki, wannan ko sanin uwarta ba ta yi ba. Na ce na santa mana, na zayyana musu wankan nan tiryan-tiryan, har da launin baho.

Gwaggo tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Ba uwarki ba ce," ta ce. "Bahon nan bayan rasuwarta babanki ya sayo shi a kasuwar Ɗambatta. Mai koren zane kuwa ga ta nan zaune." Ta nuna matar Baba Ƙarami da haɓa. "Lokacin da uwarki ta rasu ba ki yi wayo ba."

Na ji kamar an zare mini tabarma ina zaune. Na miƙe na ce mata, "Ke kin shiga kaina ne da za ki san abin da na tuna?" Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Na kwashe kayana na koma ɗakin matar Baba Ƙarami, na ƙi cin tuwon Gwaggo, in ta shigo ta nan in fita ta can. Na ji Baba yana yi mata magana a zaure.

"Yaya, da kin bar mata abinta. Me zai rage ki?"

"In bar ta ta riƙe matar wani a matsayin uwarta har ta mutu? Ita uwar tata ba ta da hakki ne?"

Bayan 'yan kwanaki ta aiko a kira ni in taya ta ɓarar gyaɗa a bayan ɗakinta, jikin dangar kara da ta raba sashenta da namu na da. Na zo fuska a murtuke. Na zauna muka kama ɓara. Can ta ce:

"Kafin lokaci aka kawo ki, don uwarki ba ta da lafiya, an ce nonon zai cuce ki. Duk mun ɗauka zazzaɓi ne na kwana biyu. Wata rana da la'asar ta lallaɓo tana dafa bango, ta tsaya bayan dangar nan, nan daidai, ta buɗa kara tana leƙenki. Kina zaune kina ƙoƙarin ba ɗan akuya ƙasa a baki. Ba ta yi magana ba, ta san dokata. Ƙafarta na hango ta ƙasan danga. Na zagaya na ce mata ki koma, za ki ɓata mini aiki, saura kaɗan ta dangana. Ta ce, Yaya, bari in ƙara gani kaɗan. Na ce in kin warke kya gan ta har ki gaji. Ta juya ta tafi. Washegari aka ɗauke ta zuwa asibiti, ba ta dawo ba."

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. "Wannan ni na gani da idona. Shi ne naki. Ki riƙe shi, ki saki bahon."

Ban yafe mata a ranar ba, ita ma ba ta nema ba. Na dai koma ɗakinta da yamma na ci tuwo. Ba ta daina hana iyaye mata shigowa ba, ta ce in aka yi sake yaro ne zai sha wuya. Amma daga baya na gane wani abu da na girma ina gani ban san dalilinsa ba. Duk shekarar da aka sabunta dangar nan bayan girbi, sai ta tsaya a kan masu aikin ta sa a bar 'yar kafa a wurin. Idan kuma ta hango ƙafa ta ƙasa, sai ta juya baya ta kama shara ko wanke-wanke.

Da na shiga kwalejin horar da malamai, aka koya mana yadda yaro yake girma. Malaminmu ya zana ƙwaƙwalwa a allo, ya nuna mana wani ɗan sashe a naɗe can ciki, ɗaya a dama ɗaya a hagu, wanda sunansa na Turanci ya fi shi tsawo. Ya ce shi ne yake haɗa abin da ya faru da wurin da ya faru da lokacin da ya faru, ya ɗaure su wuri guda su zama labarin da mutum zai iya ɗaukowa daga baya. Ana haihuwar yaro da shi, amma bai gama nuna ba, sai a hankali a shekarun farko. Sashen gaban goshi kuwa, mai tsara tunani da tantance daga ina mutum ya samo abu, ya fi shi jinkiri ma. Shi ya sa ƙaramin yaro yake iya tuna abin jiya ko na watan jiya, amma in shekaru suka ja sai ya zube. Shi ya sa kuma yaro yake iya haɗa abin da ya gani da abin da ya ji ko yake so, ya rantse ya tuna. Ina zaune a aji na sunkuyar da kai, don jan bahona ake ta bayani.

Da na zo hutu na kwashe duka na gaya wa Gwaggo. Tun daga lokacin ta sa mini Malama, rabi tsokana rabi alfahari. Ta saurare ni da kyau, har ta sa na nuna mata a kaina inda abin yake. Ta taɓa gefen kanta da yatsa, ta ce, "Ikon Allah. Ashe wayon ma wurin zama gare shi." Da ta sake magana, muryarta ta sauya.

"To Malama, nawa ukun nan da suka tafi ba su yi wayo ba. Ba su san ni ba ke nan?"

Ban taɓa jin ta ambace su ba sai ranar. Na ce mata a'a, Gwaggo, ba haka ba ne. An gaya mana sanin murya da ƙamshi da fuska da wuri yake zuwa, jariri ma yana bambanta uwarsa da wata. Labarin ne kawai ba ya zama. Na ce ai ke kika fi kowa sanin ƙiwa, yaron da bai san uwarsa ba ina zai yi ƙiwa.

"Na tsakiyan ya yi ƙiwa," ta ce. "Ko ubansa ba ya yarda da shi." Ta gyara ɗankwalinta. "To, alhamdu lillahi." Ta tashi ta tafi ba awaki dusa, ta daɗe a can fiye da yadda aikin yake buƙata.

Lokacin da 'yata ta isa yaye, Gwaggo ta riga ta ajiye aikin, gwiwa ta hana ta goyo. Na ce zan kai ta wajen uwar mijina. Saƙo ya iske ni a Bacirawa cewa in na kai yarinyar nan wani wuri, kada in ƙara taka mata ɗaki. Na kawo ta. Aka karɓe ta a ƙofa, aka miƙo mini zanena da majanyina kamar yadda aka yi wa kowa. Washegari kafin in kama hanya, na zagaya bayan danga na tsaya a kafar nan. Gwaggo tana zaune a kujerar tsugunno da yarinya a cinya. Ta dubi ƙasan danga, ta juya kujerarta a hankali yadda fuskar yarinyar za ta fuskanto ni, ita kuma ta ba ni baya.

Yayen ya ƙare, amma suka ƙi rabuwa. Ga ni da aiki ga ƙaramin ciki, sai muka bar ta a can, ina zuwa ƙarshen mako. Ƙawata Gwaggo take kiranta. A ƙoƙo ɗaya suke shan fura, suna faɗa a kan ludayi. In Gwaggo ta tashi salla, ita ma ta ja tsumma ta shimfiɗa a gefe tana dungure. Gwarancinta na farko irin maganar tsofaffi ne, har ta iya cewa "wash, gwiwata" in za ta zauna.

Zuwana na ƙarshe, Gwaggo tana kwance, yarinyar tana wasa da carbinta a bakin gado. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "Malama, wannan ba za ta tuna ni ba, ko?"

Na ce za ta tuna mana.

"Ke da kika karanta abin kike yi mini ƙarya?" Ta yi 'yar dariya, tari ya tare ta. "Na yi wa mutane ajiya shekara da shekaru, tawa kuma ga wadda na ba, ba ta da inda za ta sa. Ba komai. Kada dai ki cusa mata abin da ba ta gani ba."

Bayan addu'ar bakwai na taho da 'yata Bacirawa. Makonnin farko kullum sai ta tambaya. In ta ji sallama ta ruga ƙofa. In na ba ta fura a kofi ta ture, ita sai a ƙoƙo. Daga baya ta yanke wa kanta hukunci cewa Gwaggo ta tafi kasuwa, na ƙyale ta a haka. Sai tambayar ta fara tazara. "Wash, gwiwata" ta ɓace, maganar yaran unguwa ta maye gurbinta.

Na san an ce yaron da ake yawan hira da shi a kan abin da ya wuce ya fi riƙe shi, don haka na dage. Ina yi mata kitso ina ba ta labarin Gwaggo, ina yi mata wanka ina ba ta. Ban ƙara komai ba, abin da na gani kawai nake faɗa. Ta haddace tsaf. In baƙi suka zo sai in ce ta gaya musu wace ce Gwaggo, ta tsaya ta zuba: tana ba ni fura a ƙoƙo, tana ce mini ƙawata, muna salla tare. Su yi ta mamaki, ni kuma in ji daɗi. Amma can ƙasan raina ina jin abin da ba na son ji. Kalmomina ne take maimaitawa, a jere yadda nake jera su, har inda nake numfasawa.

Da kakar bana muka je gida. Ana ta sussukar gero a tsakar gida, sai 'yar Baba Ƙarami ta ce ta tono wani hoto a tsohuwar wayarta, daga wani bikin suna da aka yi a gidan kafin rasuwar Gwaggo. Gwaggo ba ta son hoto, wannan ma satarsa aka yi. Tana zaune a tabarma da farin mayafi, 'yata a cinyarta tana jan carbi. Na kira yarinyar na miƙa mata wayar.

"Ga ni!" ta ce, ta dangwala yatsa a kan fuskarta tana murna. "Umma, ga ni ina ƙarama!" Sai ta matsar da yatsan sama. "Wace ce wannan ta riƙe ni?"

Masu sussuka suka tsaya. Na ce, "Gwaggo ce mana."

Ta kawo wayar kusa da ido, ta duba da kyau, kamar yadda ta riƙa duba fuskokin mutane ranar makoki, sai dai yanzu ba wanda take nema.

"Wannan ce Gwaggo?" ta ce. "Ashe tsohuwa ce."

Ta miƙo mini wayar ta koma wajen yara. Na shiga ɗaki na yi kukan da ban samu na yi ba ranar da aka binne ta.

Ya Allah, Kai da ba Ka mantuwa, Ka jiƙan baiwarKa Gwaggo. Ka yafe mata kurakuranta, Ka haskaka kabarinta, Ka sada ta da ukun nan nata da suka santa, da mahaifiyata. Ka lissafa mata duk goyon da ta yi da duk kukan da ta rarrasa, domin mu da aka yi wa ba mu yi wayo ba.